Yaron da Ba Ya Magana: A Mai da Shi Gida ko a Riƙe Shi?

 

Na yi alkawarin wannan makon za mu taɓa maganar bashin kasuwa, to amma wani saƙo ya shigo da ya sa na ajiye ta. Wani ɗan'uwa ne mai sayar da atamfa a Kwatano, zan sakaya sunansa. Ya ce ɗansa ya cika shekara uku ba ya magana. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da an buɗe ledar biskit a ɗaki na biyu sai ga shi. Ba ya shiga cikin yara, aikinsa jera murafun kwalba a tsakar gida, wanda ya gusar masa da ɗaya kuwa ranar babu zaman lafiya. Dangi sun ce iska ce, a mai da shi gida wajen kakarsa a yi masa na gargajiya. Ya rufe da tambaya: "Alhaji, in tura shi?"

Ɗan'uwa, sau uku na karanta saƙonka, domin shekara biyar da suka wuce ni ne a wurin da kake tsaye. Ban taɓa kawo maganar autana a wannan fili ba. Yau ma sai da na nemi izinin mahaifiyarsa. Ta yi shiru, can ta ce, "Rubuta, Alhaji. Amma ka rubuta har da naka laifin." To, zan rubuta.

Masu bin filin nan sun san sana'ata albasa ce. Daga ƙasar Galmi muke lodi, mu keto Yamai da Burkina Faso mu sauke a Akara. Rabin wata ina hanya. Auta yana shekara biyu Hajiya ta fara ce mini, "Yaron nan fa ba ya kallon idona. Ba ya nuna abu da yatsa kamar yadda yayyensa suka yi." Na ce mata, "Ke dai kin cika sa ido. Namiji ne, maza ba su da saurin baki. Yayana ma sai da ya shekara huɗu." Kowane dangi suna da irin wannan yayan da ake kafa hujja da shi. Gaskiyar magana, mutumin da ya dawo daga tafiya a gajiye, in ya tarar da yaro zaune a lungu yana juya murfin tukunya awa guda bai dame shi ba, cewa zai yi Allah ya ba shi ɗa mai haƙuri. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta sani, ni na ɓata mana shekara guda da musu.

Da ihu ya fara, da buga kai a bango, sai bakin mutane ya buɗe. Gidan haya muke a Nima, kun san yadda yake, tari ma in ka yi maƙwabci ya ji. Wata ta ce ai Hajiya ce ta riƙa fita da almuru tana da ciki. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wanda ya zagayo ta bakin yaron shagona: wai Alhaji ne ya ba da ɗansa don kasuwa ta buɗe. Duk ɗan kasuwar da Allah ya rufa wa asiri kuma yake da yaro mai lalura, ya san wannan magana.

Na kashe kuɗi. In na haɗa na hayaƙi da na baƙin bunsuru da na motar zuwa garuruwa, sun sayi buhunan albasa da yawa. Ranar da na tsaya ita ce ranar da wani mai magani ya sa aka lulluɓe yaron da bargo aka tura masa kasko a ciki. Ina jin ɗana yana kakari, mutumin yana cewa aljanin ne ke kuka. Na yaye bargon na ɗauki abina. Addu'a ban daina ba, har gobe ina tofa masa safe da dare. Amma duk wanda maganinsa sai an shaƙe yaro ko an dake shi ko an ɗaure shi, ka ɗauki ɗanka ka fita, ko da a gaban wa ne.

Sai Inna ta aiko cewa a kawo shi gida. Na amsa, har na sa rana. Saura kwana huɗu, da damina, aka nemi Auta aka rasa. Wajen awa guda muna zagaye unguwa. Wata mai sayar da wake da shinkafa ce ta gan shi zaune a bakin babbar kwatar Nima, ƙafafunsa na lilo, yana kallon ruwa yana wucewa. Daren nan Hajiya ta ce mini, "Alhaji, mu biyu da yayyensa uku ya kuɓuce mana. Inna da ciwon gwiwa ita za ta bi shi? Ga rijiyoyin lambu ko'ina." Ban ce komai ba. Na kwana ina tambayar kaina, tsakani da Allah, don ya warke nake son tura shi, ko don in huta da idon mutane? Na san amsar, ba ta yi mini daɗi ba.

Wata ma'aikaciyar jinya a wajen awon yara ce ta tura mu asibitin koyarwa na Korle Bu. Abin da aka fara yi shi ne gwajin kunne, domin yaron da ba ya ji ma ba zai yi magana ba, kuma hanyar taimakonsa daban ce. Kunnen Auta garau. Daga nan likitar yara ta zauna da mu, ta yi ta tambayoyi, ta yi wasa da shi tana lura. Ba a ɗebi jini don wannan ba, ba a gano shi a jini. Ta ce sunan abin otizim.

A rediyo za ka ji ana cewa galahanga, sai dai mu Hausawa mukan tara lalurori da yawa mu zuba cikin wannan kalma ɗaya, alhali kowace da tata hanya. Otizim ba a ɗaukarsa a jikin wani, kuma ba hauka ba ne. Ƙwaƙwalwar ce ta zo da nata tsari: yadda yaron yake jin ƙara da taɓi, yadda yake fahimtar fuska da magana, da yadda yake buƙatar abubuwa su tafi a kan layi ɗaya kullum. Gado yana da babban hannu a ciki. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, an kuma fi gano shi a maza. Ka ƙirga yaran unguwarku ka gani ko kai kaɗai ne. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana shi a 1943 bayan ya lura da yara 11. Abin dariya abin haushi, su ma Turawan sai da suka shafe shekaru suna ɗora wa iyaye mata laifi, wai ba su nuna wa 'ya'yansu ƙauna, kafin bincike ya wanke su. Ashe ba a Nima aka fara ba. Zancen cewa allurar rigakafi ce ke kawo shi ma, likitan Ingilan da ya tayar da shi a 1998, mujallar da ta buga rubutunsa ta janye shi a 2010, aka kuma soke masa izinin aiki. Kada ka hana wa ƙannensa rigakafi a kan wannan.

Na tambayi likitar magani. Ta ce babu ƙwaya ko allura ko saiwa da ke cire shi. Wasu yaran yakan haɗo musu da farfaɗiya ko rashin barci, waɗannan ana duba su a yi musu magani. Shi kansa otizim ɗin kuwa koyarwa ce, kuma gwargwadon yadda aka fara da wuri gwargwadon yadda ake cin riba. Ta haɗa mu da wata mai koyar da magana. Irinsu ba su da yawa, kuma ganinsu da tsada. Ita da kanta ta ce mana, "Ni awa guda nake ganinsa a wata. Sauran watan duk a hannunku yake." Na ji daga baya cewa ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya a kan wannan ta gina wani horo da ta tsara wa iyayen yara masu shekara 2 zuwa 9, zama 9 a ƙungiya da ziyarar gida 3, ana koya musu yadda za su mai da wanka da cin abinci da wasa su zama darasi.

Darasin farko da aka ba mu, mu aka gyara ba shi ba. Auta in yana son ruwa sai ya ja hannun uwarsa zuwa wajen randa, ita kuwa tun kafin ya ja ta miƙa masa. Malamar ta ce, "Kun riga shi magana, me zai sa ya yi?" Ta ce a ɗaga kofinsa inda zai gani amma hannunsa bai kai ba. In ya zo, a durƙusa daidai fuskarsa, a faɗi kalma ɗaya tak, "ruwa," sannan a yi shiru a ƙirga goma a zuci. Duk abin da ya yi, ko kallo, ko miƙa hannu, ko wani ɗan sauti, a karɓa a ba shi nan take. Ba a hana shi ruwa don a gwada shi, jira ne na ɗan lokaci. Wallahi ƙirga goman nan ya fi jiran takarda a kan iyaka wuya, bakinka ƙaiƙayi yake yi.

Sai hotuna. Yayarsa ta ɗauki hoton kofinsa da waya, da na kwanon kokonsa, da na bayan gida, da na ƙofar fita, muka wanke su a shagon hoto muka liƙe da salatif a bango daidai tsayinsa. Aka riƙa kama hannunsa ya ciro hoton ya miƙa, a ba shi abin. Mako shida babu labari. Ina kan iyakar Burkina muna jiran a sake mu, Hajiya ta bugo tana haki: ya ciro hoton kofi da kansa ya kawo mata har madafa. Na zauna a gindin tayar mota ina hawaye, direbobi suka zagaye ni suna tambaya ko 'yan kwastan sun kama kayan. Masu cewa hoto zai sa ya ƙi magana, mu dai a gidanmu bayan hoton ne kalmar ta biyo.

Kuma kada ka raina maganar da kake gani kamar shirme. Doguwar magana ta farko da Auta ya yi ita ce kiran yaran mota: "Sakul, Sakul, Kaneshi!" Ya yi ta maimaitawa, yara suna dariya. Hajiya ce ta lura ba ya faɗa sai ya tsaya a bakin ƙofa. Ashe cewa yake a fita da shi. Sai muka riƙa amsa masa, "Fita. Kana son fita." Yau da bakinsa yake cewa fita.

Wani ya ba mu shawara mu daina yi masa Hausa, mu tsaya ga Turanci kaɗai, wai harsuna sun yi masa yawa. Wannan ya shafe mu duka, domin 'ya'yanmu da Hausa suke tashi a gida, waje kuma ga Turanci ko Faransanci ga yaren gari. Malamar ta ce binciken da aka yi bai nuna harshe biyu yana ƙara wa irin waɗannan yara jinkiri ba. Ka yi masa harshen da bakinka ya fi sakewa da shi. In ka cire masa Hausa, da me zai gaida kakarsa?

Na taɓa dukansa, sau ɗaya, ranar da ya watsar da tiren abinci a gaban baƙi. Ban ga ya gane dalili ba, abin da na gani kawai ya yi kwana uku yana gudu na. Daga nan na yi abin da na iya. Ni mutum ne mai littafin bashi, sai na buɗe masa shafi a baya. Duk ranar da ya birkice mu rubuta: ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan, wa ke wurin. Wata guda ya isa. Injin niƙan maƙwabta yana ciki. Canza masa hanyar zuwa makaranta yana ciki. Amma mafi yawa sun faɗo ne a kwana biyun farko bayan na yi tafiya. Ni da nake cewa yaron bai ma san ina gidan ba.

'Yan albasan Akara za su tuna 2021, da aka tashe mu daga Agbogbloshi aka mai da mu Ajen Kotoku, can bayan gari. Manyan mutane masu gemu, an ba mu sanarwa, mun san inda za mu, amma sai da muka yi makonni ba mu barci. To shi Auta kowane canjin da ba a gaya masa ba haka yake a wurinsa, kuma ba shi da bakin tambaya. Rayuwarmu ta fatake kuwa canji ce zalla: yau uba yana nan gobe ba ya nan, baƙi daga gida su cika ɗaki ba sanarwa, a tashi daga wannan haya a koma waccan.

Ga dabarar da muka yi. Daren tafiya nakan zauna da shi mu zuba duwatsu a kwano, kowane dutse kwana ɗaya. Kullum bayan sallar asuba ya cire ɗaya. In kwano ya ƙare, Baba ya dawo. Karon farko na zuba goma, mota ta lalace, na yi goma sha uku, Hajiya ta ga tashin hankali. Yanzu nakan ƙara uku a kan lissafina, gara in riga duwatsun isowa. Kuma duk inda nake, in akwai sabis, bayan magariba zan kira ta WhatsApp ya ga fuskata, ko da ba zai kalle ni ba, ko da minti ɗaya ne.

Sauran abubuwan a gutsure muke koya masa. Sa wando, alal misali, mu yi masa duka mu bar masa jan ƙarshe zuwa ƙugu, ya ji shi ya gama. In ya iya, mu bar masa biyun ƙarshe. Haka alwala, haka wanke hannu. Abinci ma da farar shinkafa kaɗai yake ci, sai muka riƙa ajiye ɗan loma na sabon abu a gefen kwano ba tilas, wani sai ya gan shi sau ashirin kafin ya taɓa. Ranar Lahadi da sassafe kafin kasuwa ta cika nakan tafi da shi rumfa. Son jera abu da ake yi masa dariya a kai, a can aiki ne: manya gefe, ƙanana gefe, kuma hancinsa ba ya kuskuren wadda ta fara ruɓa.

Makaranta sai da muka sha yawo. Gana tana da dokar masu buƙata ta musamman tun 2006, da manufar karatu tare ta 2015 wadda ta ce a karɓi irin waɗannan yara a makarantun kowa. Amma takarda daban, aji daban. Biyu sun mai do mana da shi. Ta uku muka dace da malama da ta yarda ya zauna kusa da ƙofa, in ƙara ta yi masa yawa ya fita ya dawo. Malamin allo kuwa na same shi ni da shi, na yi masa bayani, na roƙe shi ya ɗauke masa bulala. Allah ya saka masa, ya yi. Yaron da kunne yake ɗauka, gajerun surori sun zauna.

Ba zan yi maka daɗin baki ba, ɗan'uwa. Za a ba ka labarin Temple Grandin, Ba'amurkiyar da ba ta yi magana ba sai bayan ta wuce shekara uku, ta zama farfesar kimiyyar dabbobi, har tsarin da ta zana na bi da shanu ya bazu a mahautan ƙasarta. Gaskiya ne. Amma akwai waɗanda har girmansu ba za su yi magana da baki ba, kuma za su buƙaci mai kula da su. Auta yana shekara takwas, maganarsa kalma biyu ce zuwa uku, har yanzu ba ya tsallaka titi shi kaɗai, wani daren ba ma barci. Ban san inda zai kai ba. Na dai san ya wuce inda yake bara.

Abu biyu da na makara ban gane ba. Na ɗaya, yayarsa. Mun mai da yarinya 'yar shekara goma sha uku uwa ta biyu, har karatunta ya ja baya, sai da malamarta ta kira ni. Yanzu tana da ranakun da babu ruwanta da shi. Na biyu, Hajiya. In na dawo daga tafiya, kwana biyun farko wanka da kai shi makaranta nawa ne, ita ta je gidan suna ko ta yi barci. Abokai sun yi mini tsiya a majalisa, sun gaji sun bari.

Mun kuma daina ɓoye shi. Sakata mun ɗaga ta sama, mun ɗinke lambar wayata a cikin rigunansa, sannan na bi masu shago da masu abinci na layinmu ɗaya bayan ɗaya na ce, ga ɗana, ga lalurarsa, in kun gan shi shi kaɗai ku riƙe mini shi, kada ku yi masa tsawa. Matar da ta tsince shi a bakin kwata ta gane shi ne don Hajiya takan je da shi sayen abinci. Da a ɗaki muke kulle shi kamar yadda wasu suka so, da ba ta san ɗan wa ba ne.

To ga amsarka. Ni ban ga ɗanka ba, kuma ni ba likita ba ne, ba zan ce maka otizim ne ba. Amma abin da ka lissafa ya isa a duba shi, kuma kada ka jira ya cika huɗu. Ka fara da gwajin kunne. Daga nan ka nemi likitan yara a babban asibiti, ka faɗa masa kalmar, da Faransanci ma kusan haka ake faɗarta. Ka ɗauki bidiyon yaron a waya yana jera murafunsa da lokacin da ake kiransa ba ya juyowa, domin a gaban likita yara sukan canza. Ka tafi da mahaifiyarsa, ka bar ta ta yi bayani, ta fi ka sani. Maganar gida kuwa, ban ce zuwa wajen kaka laifi ba ne. In uwarsa za ta bi shi, kuma akwai asibitin da za a riƙa kai shi, wannan wata magana ce. Amma a ɗauke yaron da ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa, a raba shi da mutum ɗaya da ke gane kukansa, a sa shi a mota kwana biyu zuwa gidan da bai sani ba, ni dai na sa rana na fasa.

Inna ta yi fushi da ni wata uku. Bara da ta zo Akara ganin likitan gwiwa, Auta ya ciro hoton kofi ya kai mata, ya ce "Kaka, ruwa." Ta sa aka wanke mata irin hotunan ta tafi da su, wai akwai jikan maƙwabciyarta.

Ka rubuto mini bayan kun ga likita. Maganar bashi kuma sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.